Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitocin Tiyata: Ku Warware Mana Sunan Aikin Kafin Mu Sa Hannu

Zuwa ga likitocin tiyata, da masu ba da allurar barci, da ma'aikatan jinya na ɗakin fiɗa, da malaman da ke horar da su.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki, sannunku da tsayuwar dare.

Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Kuma ban ɗauki alƙalami don in koya muku riƙon wuƙa ba. Maganata a kan layi ɗaya ce tak a cikin takardar amincewa da kuke miƙa wa mara lafiya kafin a shiga da shi, layin da ake rubuta sunan aikin da za a yi. Na taɓa sa hannu a ƙarƙashin wannan layi a matsayin shaida, ban san abin da na shaida ba, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Yayata ce. Ta daɗe tana fama da zubar jini saboda ƙari a mahaifa, har ya kai ba ta iya hawa matakala sai ta tsaya ta huta, sai da aka ƙara mata jini leda biyu kafin a sa ranar aiki. Ana gobe za a shiga da ita, da yamma, wani likita matashi ya zo da fayil ya tsaya wajen ƙafafun gadon. Daga idonsa ka san ya kwana bai runtsa ba. Ya ce, "Gobe da safe za a yi miki aiki, a cire abin da ke damunki. Kada ki ci komai daga sha biyun dare." Ya miƙo takarda. A wurin sunan aiki an rubuta haruffa shida da alamar tarawa a tsakani: TAH + BSO. Na duba, na ɗauka lambar ɗaki ce ko wata alamar ofis. Ta sa hannu, na sa nawa a ƙasa.

Aiki ya yi kyau, ɗinki ya kame, jini ya tsaya, muka yi ta godiya. Bayan 'yan makonni sai ta fara tashi cikin dare jiƙe sharkaf da gumi, zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, barci ya ƙaurace mata, ga shi al'ada ba ta dawo ba. Shekarunta 39 a lokacin. Muka koma asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe fayil, ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Baiwar Allah, ba a gaya miki ba? Ai an cire mahaifar gaba ɗaya, har da ma'ajiyar ƙwai ta dama da ta hagu. Ba za ki sake ganin al'ada ba." Yayata ba ta ce uffan ba. Ta naɗe katinta gida huɗu ta sa a jaka. Sai da muka iso bakin ƙofa ta juyo ta ce mini, "Kai da ka yi karatu, ka karanta takardar nan kafin in sa hannu, ko?"

Ban ce likitan ya yi kuskure a aikinsa ba. Mai yiwuwa abin da ya gani a ciki ya sa babu wata mafita, kuma na yarda wuƙarsa ce sanadin da yayata ke raye. Amma da an gaya mata, da ta shiga ɗakin ta san me za ta bari a can. Da ta tambaya ko za a iya barin mata ma'ajiyar ƙwai ko da guda ce. Da gumin nan na dare bai zo mata a matsayin sabuwar cutar da ba ta san kanta ba, kuma da tun farko an yi maganar magungunan da ake ba mace in an cire mata su kafin lokaci, da kula da ƙashinta, tunda rashinsu da wuri na raunana ƙashi.

Daga ranar na ɗaura aniyar sanin waɗannan sunaye. Abin da na tarar ya ba ni mamaki, ya kuma ƙara mini baƙin ciki, domin abu ne mai sauƙi. Na ɗauka dogon karatu ne da sai wanda ya shekara shida a makarantar likitanci zai gane. Ashe yawancin sunayen haɗe-haɗe ne na guntayen kalmomin Girkanci da Latin, an jera su kamar duwatsun carbi. Kan kalmar na faɗa maka gaɓar da za a taɓa, wutsiyarta kuma na faɗa maka me za a yi wa gaɓar. Wanda ya riƙe wutsiyoyi goma da kawuna ashirin zai iya warware mafi yawan abin da zai gani a takardar asibiti.

Ku kun san wannan, amma bari in faɗe shi yadda na koye shi, don ku ga cewa yana faɗuwa da harshen da mara lafiya ke ji. Wutsiyoyi uku ne suka fi rikita mutum saboda kamarsu a kunne: ektomi, otomi, ostomi. Ektomi cirewa ce, a yanke abu a fitar da shi, ba zai koma ba. Otomi tsagawa ce, a buɗe gaɓa a yi abin da za a yi a ciki, a ɗinke, gaɓar tana nan. Ostomi kuwa daga kalmar Girkanci ta "baki" ya fito, ma'anarsa a yi wa gaɓa sabuwar ƙofa, galibi zuwa bayan fata. Tsakanin otomi da ostomi harafi ɗaya ne kacal. Amma ku ɗauki babban hanji, wanda kuke kira kolon. Kolotomi, an tsaga shi an ɗinke. Kolektomi, an yanke wani sashe nasa ko dukansa. Kolostomi, mutum zai farka ya ga an fito da bakin hanji ta fatar cikinsa an manna leda, ta nan bayan gida zai riƙa fita. Sai kuma kolonosikofi, wanda babu yanka a cikinsa sam, leƙawa ce da siririn bututu mai kyamara, domin sikofi dubawa yake nufi. Rayuwa huɗu ce daban-daban a bayan kalmomi huɗu da kunnen mara lafiya ke ji kamar abu ɗaya. Ga kuma kolesistektomi da ke zaune kusa da su a kunne, alhali shi ba ruwansa da hanji, cire matsarmama ne.

Haka ƙoda, wadda sunanta a wurinku nefro. Nefrektomi cire ta ne. Nefrostomi saka roba ce ta baya don fitsari ya samu hanya idan ta toshe, kuma sau da yawa na ɗan lokaci ne. Nefrolitotomi shiga cikinta ne a ɗauko tsakuwa, don lito dutse ne. Litotirifsi kuma farfasa tsakuwar ne ta zama gari ta fita da kanta. Mutumin da aka ce wa "za a yi maka aikin ƙoda" bai san a cikin huɗun nan wanne ne nasa ba, sai ya kwana yana lissafin yadda zai rayu da ƙoda ɗaya, alhali tsakuwa kawai za a cire.

Sauran wutsiyoyin ma haka suke. Filasti gyaran siffa ne ko sake gini. Rafi ɗinki ne. Feksi ɗaurewa ce, a mayar da abu mazauninsa a kafe shi. Sentesis hudawa ce da allura a zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji ko a ciki. Desis haɗe gaɓoɓi biyu ne su daina motsi.

Na dawo kan mahaifa, domin nan ne ciwona. Histar shi ne mahaifa. Histarosikofi, a leƙa cikinta. Histarotomi, a tsaga ta, irin abin da ake yi a tiyatar haihuwa don a ciro jariri, mahaifar kuma tana nan. Histarektomi, a cire ta. Mayomektomi kuwa shi ne a ɓanɓare ƙarin kaɗai a bar mahaifar, mace ta ci gaba da al'ada, kuma tana iya sa ran haihuwa. Da likitan ya ce "a cire abin da ke damunki", mu wannan muka fahimta, don a wurinmu ƙarin ne ke damunta. Haruffa ukun farko da na gani a takardar na nufin cire mahaifa dukanta ta hanyar yanka ciki. Kalmar "duka" a nan ma tarko ce: a harshenku tana nufin jikin mahaifa haɗe da bakinta, ba ta haɗa da ma'ajiyar ƙwai ba. Cire waɗannan aiki ne na daban mai sunansa, shi ne haruffa ukun baya, salfingo-oforektomi na ɓangare biyu, wato bututun ƙwai da ma'ajiyar ƙwai, dama da hagu. Macen da aka cire wa mahaifa aka bar mata ma'ajiyar ƙwai, al'ada za ta tsaya amma jikinta zai ci gaba da samun sinadaransa har lokacinsa ya yi. Wadda aka cire wa duka kuwa, jikinta zai faɗa halin ɗaukewar al'ada a take, ba tare da shekarun da yake ɗauka yana sabawa a hankali ba. Alamar tarawa guda ce ta raba waɗannan mata biyu a takarda. Ba wanda ya karanta mana ita.

Na kuma ga yadda abin yake idan an yi shi daidai, shi ya sa ban fid da rai ba. Wani abokin aikina ya zo mini hankali tashe, an ce za a yi wa ɗansa mai shekara biyu aiki a maraina, domin ƙwai ɗaya bai sauko ba. Ya ji kalma mai kama da orkid a bakin likita, wani kuma ya gaya masa cewa cirewa ke nan, yaron ba zai haihu ba. Har ya yanke shawarar ba zai koma ba. Na raka shi. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta jawo kujera ta zauna, ta juya bayan wata takarda ta zana ciki da wata 'yar hanya mai gangarowa, ta ɗiga ɗigo a tsakiyar hanyar. Ta ce, "Baban yaro, ka ga nan ya maƙale. Likita zai kamo shi ya sauko da shi nan, ya ɗaure shi da zare don kada ya koma. Sunan aikin orkidofeksi. Wanda ake cirewa sunansa orkidektomi, kuma ba shi aka rubuta wa ɗanka ba. In an shiga aka tarar ƙwan ya riga ya lalace, to nan ne kawai za a iya cirewa, ɗayan kuma ya ishe shi." Ta sa shi ya maimaita mata abin da ya ji. Ya maimaita. Na duba agogo, duka-duka bai kai minti huɗu ba. Ya naɗe zanen ya tafi da shi gida ya nuna wa uwar yaron.

Inda wutsiya da kai ba sa taimako shi ne sunayen da aka laƙaba wa mutane. Nan mara lafiya ba shi da abin kamawa ko kaɗan. Aikin Hartmann sunan wani likitan Faransa ne, Henri Hartmann, da ya bayyana shi a 1921. Babu abin da ke cikin sunan da zai sanar da mutum cewa za a yanke sashen ƙarshe na babban hanji, a rufe kututturen da ke ƙasa, a fito da na sama ta gefen hagu na ciki. Wasu ana mayar musu da hanjin bayan watanni, wasu kuwa da ledar za su zauna har ƙarshen rayuwa. Aikin Whipple, daga Allen Whipple na Amurka da ya wallafa hanyarsa a 1935, kalma ce gajera mai daɗin faɗi, amma a ƙarƙashinta akwai cire kan fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, da wani sashe na bututun ruwanta, wani lokaci har da gefen tumbi. Billroth na ɗaya da na biyu suna ɗauke da sunan Theodor Billroth, wanda ya yi nasarar yanke sashen tumbi a Biyana a 1881. Waɗannan mutane sun cancanci a tuna da su, ku tuna da su a tsakaninku. A gaban mara lafiya kuwa, sunan likitan da ya rasu tuntuni ba ya gaya masa inda bayan gidansa zai riƙa fita gobe.

Akwai kuma 'yan kalmomin da kuke rataya wa sunan aiki, waɗanda nauyinsu ya fi girmansu. Wanda kuka kira aikin zaɓi, mutane na ɗauka in sun ga dama su yi, in ba su ga dama ba su bari, alhali nufinku aiki ne da za a iya tsara masa rana, ba na gaggawa ba. Cire sankara ma yana iya shiga wannan sahu. Wanda kuka kira na bincike, irin lafarotomin da ake buɗe ciki don a gano me ke faruwa, yana nufin ku kanku ba ku tabbatar da abin da za ku tarar ba, don haka ya kamata a zauna a lissafa wa mutum abubuwan da ka iya biyo baya tun yana farke. Wanda kuka kira na tsattsauran cirewa yana nufin gaɓar da abin da ke kewaye da ita. A sankarar nono, hanyar William Halsted da ya wallafa a 1894 tana ɗauke nono da tsokar ƙirji da kaluluwar hamata, kuma ita aka bi shekaru da dama, har bincike a shekarun 1980 ya nuna cewa ga mata da yawa da cutarsu ba ta yi nisa ba, cire ƙullutun kaɗai tare da gasa wurin da hasken na'ura na ba da tsawon rai daidai da cire nonon. Yau mace na iya jin mastektomi ko lamfektomi, kuma bambancinsu shi ne ko za ta farka da nononta. Mafi nauyi a cikinsu duka shi ne aikin sauƙaƙawa, wanda ake yi don a rage azaba ko a buɗe hanyar da ta toshe, ba don a warkar ba. Na ga iyalin da suka yi ta murna an fito da mahaifinsu daga tiyata, suna cewa an cire cutar, ba wanda ya gaya musu cewa hanya kawai aka karkatar don ya iya cin abinci a kwanakin da suka rage masa.

Ko hanyar shiga ma tana cikin sunan. Lafarosikofi shi ne aiki ta ƙananan huda da kyamara, wanda ya bazu bayan Erich Mühe ya cire matsarmama ta haka a Jamus a 1985. Mutane na son sa don ƙaramin tabo da saurin tashi. Amma ku kun san akan fara da huda a ƙare da buɗe ciki idan jini ya ɓalle ko hanya ta ƙi ganuwa. Wanda aka gaya wa haka tun farko, in ya farka ya ga dogon ɗinki zai ce an yi abin da ya dace. Wanda ba a gaya wa ba zai rantse an yi masa ɓarna ana ɓoyewa.

Ba zan ɗora muku laifin duka ba, domin mu ma kalmominmu na ruɗa mu. Muna cewa "an juya mata mahaifa", alhali ba a juya komai ba, bututun ƙwai aka ɗaure ko aka yanke, kuma wadda ta ɗauka juyi ne za ta zaci ana iya juyo shi duk ranar da ta so. Muna cewa gwaiwa, kalma ɗaya ga hanjin da ya zurara cikin maraina da kuma ruwan da ya taru a wurin, alhali na farkon na iya shaƙewa ya zama aikin gaggawa. Muna cewa wankin ciki kamar da ruwa da sabulu ake yi. Wasu sunayenku ma na yaudara: basektomi na da wutsiyar cirewa, sai namiji ya ɗauka fiɗiye shi za a yi, alhali siririyar hanyar da maniyyi ke bi ake yankewa, maraina na nan, ƙarfinsa na nan. Idan kalmarku ta yi duhu, tamu kuma ta karkace, to ba abin da zai raba gardama sai a zauna a yi bayani da zane.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce lokaci, ga layi har waje, likita ɗaya mutum hamsin. Gaskiya ne, na gani da idona. Amma dattijuwar nan minti huɗu ta ɗauka, kuma minti huɗun nan ne suka hana wani yaro rasa aikin da yake buƙata. Ku kwatanta da lokacin da ake ɓatawa a kan mutumin da ya gudu ya dawo bayan wata shida cuta ta ci ƙarfinsa, ko a kan iyalin da suka zo da faɗa don sun ji abin da ba su zata ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Bayanin da aka yi wa mutum yana kwance a kan gadon turawa, da rigar tiyata a jikinsa, yunwa da tsoro sun cika shi, ba ya shiga. A yi shi tun ranar da aka sa ranar aiki, a ba shi dama ya je ya kwana da maganar ya dawo da tambaya.

Za ku ce in an faɗi gaskiya wasu za su tsorata su ƙi. Wasu za su ƙi, haka ne, kuma jikinsu ne. A 1914 wata kotu a Niyok ta saurari ƙarar Mary Schloendorff, wadda ta yarda a duba ta a ƙarƙashin maganin barci amma ta ce kada a yi mata aiki, ta farka ta tarar an cire mata ƙari. Alƙali Benjamin Cardozo ya rubuta a hukuncin cewa duk baligi mai hankali yana da haƙƙin yanke abin da za a yi da jikinsa. Fiye da shekara ɗari ke nan. Ni kuma abin da na lura, wanda ya fi korar mutane daga asibiti shi ne labarin waɗanda suka shiga ba su san me aka yi musu ba. Mace ɗaya da ta gano bayan watanni cewa an cire mata mahaifa ba da saninta ba, labarinta zai hana mata goma zuwa a duba su.

Sanin sunan aiki kuma kariya ce gare ku. Jerin tambayoyin kiyaye lafiya a tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai abubuwa 19, ya tanadi tsayawa sau uku: kafin a ba da maganin barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fita da mutum daga ɗaki. A tsayuwar farko, mara lafiya da bakinsa ake so ya tabbatar da sunansa, da wurin da za a yi aikin, da aikin kansa, da amincewarsa. Binciken da aka wallafa a 2009 daga asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8 bayan an fara aiki da jerin. To ta yaya mutum zai tabbatar da aikin da bai san ma'anarsa ba? In kun tambaye shi zai ce "e" ne kawai don girmamawa. Wanda ya san ƙodarsa ta hagu ce za a cire, shi ne zai ɗaga kai ya yi magana in ya ga ana sa alama a dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za ku ce harsunan mutane ba su da kalmomin. Wannan ce hujjar da na fi ƙi. Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe dabba ya san hanta da ƙoda da saifa da huhu da tumbi da matsarmama, ya san ƙaramin hanji da babba. Muna da cirewa, da tsagawa, da hudawa, da ɗinkewa, da ɗaurewa, da kankarewa, da dasawa. Inda babu kalma kuwa, harshe ya iya aro. Kalmar tiyata kanta daga sunan ɗakin aiki na Turawa muka ɗauko ta, su kuma daga Girkanci, inda take nufin wurin kallo, domin a da ɗalibai na zama a kujeru hawa-hawa suna kallon malaminsu na fiɗa. Yau ba wanda ke jin ta baƙuwa. Ilimin fiɗa bai taɓa zama a harshe ɗaya ba. Abul Ƙasim al-Zahrawi, da ya rayu a Andalus ya rasu wajen 1013, da Larabci ya rubuta babinsa na fiɗa tare da zanen kayan aiki, a ƙarni na 12 aka mayar da shi Latin, likitocin Turai suka yi ƙarnoni suna karatu daga gare shi. In ya ƙetare daga Larabci zuwa Latin don amfanin likitoci, zai iya ƙetarewa daga Latin zuwa harshen wadda za a yanka.

Don haka ga roƙona. A takardar amincewa, ku daina taƙaita sunan aiki da haruffa. Ku rubuta shi cikakke, ku rubuta dama ko hagu da kalma, sannan a ƙasansa a sa jimla ɗaya da harshen mara lafiya: me za a cire, me za a bari, me zai canza a jikinsa bayan nan. Ku faɗi abin da ka iya sauyawa in an shiga ciki, ku nemi izini a kansa daban. Kada ku tambayi mutum "ka gane?", domin kunya za ta sa ya gyaɗa kai, ku ce masa, "In ka koma gida aka tambaye ka wane aiki za a yi maka, me za ka ce?" Amsarsa za ta nuna muku inda bayani ya tsaya. Ku yi magana da mai jikin kanta, ko da mijinta ko ɗan'uwanta na tsaye. Ni ina tsaye a gefen gadon yayata, likitan ya fi kallona fiye da ita, kuma ni ɗin ban fi ta sanin komai ba. In da tafinta a tsakani, ku tabbatar ya san bambancin ektomi da otomi, don tafinta mai tausayi kan sassauta magana har ta tashi daga ma'anarta. Ranar sallama kuma, ku ba mutum takarda mai ɗauke da ainihin abin da aka yi, ba abin da aka yi niyya ba, domin bayan shekara goma wani likita zai tambaye shi, kuma "an yi mini aiki a ciki" ba amsa ba ce da za a ɗora magani a kanta.

Ku kuma malamai masu horar da likitoci, na san kuna jarraba ɗalibi a kan jijiyoyin da ke kewaye da matsarmama, kuma ya kamata. Ku ƙara masa jarrabawa ɗaya. Ku zaunar da dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ku ce ya bayyana mata kolostomi da harshenta, sannan ku tambaye ta abin da ta ji. Likitan da ya zo mana a yammacin nan ba mugu ba ne. Na tabbata ya iya zana kowane mataki na aikin da idonsa a rufe. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa faɗa mana shi ma wani mataki ne na aikin.

Yayata na nan lafiya, tana shan maganinta, gumin dare ya lafa. Na rubuta mata a wata 'yar takarda da Hausa abin da aka yi mata, da sunan aikin cikakke a ƙasa, tana ajiye da ita tare da katinta. Kwanan baya ta je ganin wani likita saboda ciwon baya, na raka ta. Ya tambaya ko an taɓa yi mata tiyata, ya juyo yana kallona. Kafin in buɗe baki ta ce, "Likita, ni za ka tambaya. An cire mini mahaifa da bakinta, da ma'ajiyar ƙwai duka biyu, ina da shekara 39." Ya ajiye biro, ya ce to lallai sai an auna ƙarfin ƙashinta, ya rubuta mata gwajin.

Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Wassalam,
Ƙanin wata mara lafiya.